Shekarar da Na Ƙwace Kofin Ba'indiya

Kun daɗe kuna yi mini dariya a kan kofin ƙarfen nan mai lotsattsen gindi da nake shan shayi da shi, alhali kabad ɗina cike yake da na gilashi. Wasunku sun ce rowa ce, wasu sun ce tsufa ne, har na ji an ce wai magani aka haɗa mini a ciki. To, ku buɗe kunnuwa, don sau ɗaya zan faɗa. Haka kuma maganar da ake yawo da ita a dangi, wai kuka Usman ya yi mini har na yarda ya auri 'yar mahauta, ƙarya ce. Usman ya yi kukansa ya gaji, ban motsa ba. Duk wanda ya san ni ya san hawaye ba ya buɗe ƙofata. Abin da ya buɗe ta shi ne kofin nan, da wasu tsofaffi biyu 'yan ƙasar Indiya da suka yi wata biyu a gidana. Ni ban yi makaranta ba, ina faɗa ne ana rubutawa. Wanda ya ga abin da bai yi masa ba ya zo ya same ni, kada ya kama mai rubutu.

Bayan rasuwar Malam, mahaifinku, na koma ƙasan gidanmu na Ka'akiyya a nan Makka, na ba da sama haya. Da gangan na zaɓi ƙasa, don tagata tana kallon ƙofar gida, ba mai shiga ko fita ban gan shi ba. Hawa na biyu Rafik ne da matarsa Shabana. Shi ke kula da direbobin wani kamfanin motocin alhazai a Kudai, ita kuma nas ce a asibiti, Larabcinta kamar mota a kan tsakuwa, amma yana kai mutum inda za shi. Ɗakin can sama kuwa Arif ne, ɗaya daga cikin direbobin Rafik. Ƙauyensu ɗaya, Rafik ne ma ya samo masa aikin. A lokacin, a wurina Ba'indiye Ba'indiye ne, kamar yadda a wurinsu duk baƙar fata ɗan Takari ne. Amma ido ya nuna mini abu biyu. In sun haɗu a matakala, maigidan ne ke raɓewa jikin bango, yaron nasa ya wuce. Sannan Shabana takan aika wa Arif abinci, kwanon ya sauko yadda ya hau, kyanwowin layi su yi biki. Na gani, na ajiye a raina, ban tambaya ba.

A shekarar ne Usman, autana, ya zo mini da maganar Rabi, 'yar Alhaji Sale mai nama na kasuwar Zahir. Shekara ashirin ina sayen nama a wurin mutumin nan, bai taɓa cusa mini ƙashi a ƙasan leda ba. Yarinyar kuma ba ta da abin kushe. Amma mu jikokin malamai ne. Kakana da ƙafa ya taso daga Kano, ya ratsa Sudan da allonsa a rataye, kuma tun ina ƙarama nake ji ana cewa a gidanmu ba a haɗa tawada da jini. Ban taɓa tambayar dalili ba. Abin da ka buɗe ido ka tarar ana yi a gidanku ba ya kama da abin tambaya.

"Ummi," in ji Usman, "naman nasu fa kina ci."

"Ina ci," na ce. "Ina hawa tasi ma, ban taɓa shigo da ita ɗakina ba."

Hajja Dije, uwar Rabi, ta aiko mini da tire guda na dambun nama, na mayar mata ko murfin ban ɗaga ba. Usman bai ɗaga mini murya ba, don ba a haife shi da wannan ba. Ya dai ce in ƙaramar Sallah ta wuce ban sauko ba, zai karɓi canjin wurin aiki ya koma Dammam, kuma kada kowa ya sake yi masa maganar aure har abada. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Da ƙarfi na faɗa, amma tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana cikin haka, a watan Sha'aban, Rafik da Arif suka kawo iyayensu mata Umara, jirgi ɗaya. Uwar Arif doguwa ce, fara, mayafinta fari tas mai guga, tana taka ƙasa kamar ta kakanta ce. Begam suke ce mata. Uwar Rafik kuwa, Nasiban, 'yar mitsitsiya ce, baƙa kusan kamata, hannuwanta kamar ɓawon itace, in ta yi dariya sai dasashi. Baƙin Allah ne a gidana, dole in karrama su. Ranar uku da zuwansu, bayan la'asar, na kira su shan shayi. 'Ya'yansu duk suna wurin aiki, don haka muka zauna mu uku, ba mai jin yaren wata. Na fito da kofunana masu bakin zinariya, waɗanda ko ku ba na bari ku taɓa. Begam ta wuce kai tsaye ta hau kujerar Malam. Nasiban ta durƙusa a bakin ƙofa kusa da takalma. Na yi mata alama ta matso, ta girgiza kai tana murmushi, na ce ko kunya ce. Na zuba wa Begam, ta karɓa. Na zuba na biyu na miƙa wa Nasiban, sai matar nan ta janye hannu kamar wuta na miƙo mata. Ta kwance gefen mayafinta, ta fito da wannan kofin ƙarfen, ta riƙe shi can ƙasa, nesa da bakin butar, yadda ko tururi ba zai haɗa su ba.

Ku da aka haifa a asibiti kuka tashi da takardar ɗan ƙasa a hannu ba za ku san abin da ya taso mini ba. Ina da shekara tara wata maƙwabciyarmu ta gaisa da mahaifiyata, tana juyawa ta goge hannunta a jikin abayarta, ni ina kallo. Shekara sittin abin nan yana kwance a ƙirjina, ranar ya miƙe tsaye. Na ce a raina, wato ke da kika kusa fi ni baƙi, kin zo har ɗakina da kofinki don kada bakinki ya taɓa na Takari? Na tsiyaya mata shayin daga sama har ya fallatsar mata a yatsu. Ta yi ta godiya tana dafa ƙirji, ni kuwa na ce rainin hankali ne. Kwana uku tana gaishe ni ta taga ina kawar da kai. A na huɗu na tare Shabana a ƙofa tana dawowa daga aiki.

"Ki gaya wa mijinki ya nemi wani gida," na ce.

"Khala, me muka yi?" Haka take kirana, kamar yadda yaran Makka ke kiran sa'ar uwarsu.

"Ki tambayi surukarki. Kofunana da sabulu ake wanke su, ba da tofi ba. In baƙar fatata take ƙyama, ga madubi can, ta fara dubawa."

Yarinyar nan ta tsaya tana kallona, sai ta zame ta zauna a matakala, ta rufe fuska da hannu biyu. Na zaci kuka take. Da ta buɗe sai na ga dariya ce da hawaye tare.

"Ya Allah! Khala, ba ke take ƙyama ba. Kanta take kare ki da shi."

Nan a matakala ta ba ni labarin ƙauyensu, har aka kira magariba. Ta ce a can kowane gida da sana'ar da aka haife shi a ciki, kuma kowace sana'a da matsayinta, wani a kan wani kamar matakalar da muke zaune. Gidan su Begam su ne masu gonakin shinkafa, su ne a sama. Gidan su Nasiban su ne masu shara da yasar masai, tun kaka da kakanni, unguwarsu tana can bayan kududdufi, rijiyarsu daban. Nasiban ta fara share gidan su Begam tun ba ta kai tsayin tsintsiya ba. Ta ƙofar baya take shiga, ba ta hawa tabarma, ladanta ragowar abinci da kwando biyu na shinkafa in an yi girbi. Akwai ƙusa a bayan gidan, a jikinta aka rataye kofin da za ta sha ruwa, kuma daga sama ake tsiyaya mata. Na ce ba Musulmi ba ne duka? Ta ce Musulmi ne, liman ma yana faɗa a huɗuba cewa duk ɗaya ne, ana fitowa kowa ya nemi takalminsa ya koma matakalarsa. Aure kuwa ba a tsallake ko taki ɗaya. Sai zamani ya zo. Aka buɗe makarantar gwamnati, Rafik ya shiga, a bayan aji aka zaunar da shi a kan buhu, daga kan buhun ya wuce kowa. Aka yi titi, samarin bayan kududdufi suka bi shi zuwa birni, gonakin su Begam suka rasa masu sunkuyawa, aka fara sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Rafik ya gina wa uwarsa gidan siminti mai famfo. Rana ɗaya mijin Begam ya aiko a roƙi Rafik ya nema wa Arif aiki.

"Duk wannan ya faru," in ji Shabana, "amma in surukata ta ga Begam, gwiwarta da kanta take lanƙwashewa. Ta ga kofunanki masu kyau, ta ce in ta sha da ɗaya a gaban Begam, sai dai ki jefar da shi. Kin san abin da ya fi burge ta a Harami bayan Ka'aba? Fararen kofunan Zamzam. Ta ce kowa zarar nasa yake, ba mai tambayar ɗan gidan wa ne. Ta sha har cikinta ya kumbura."

Kunya ta kama ni, amma ni kunya ba ta daɗewa a jikina, fushi take komawa. Na ce ranar hutunta ta kawo mini su duka biyun, ita kuma ta zauna ta yi mana tafinta. Na sa Usman ya kwashe kujerun ɗakin kaf ya kai tsakar gida, yana tambaya ko tashi za mu yi, na ce ya yi abin da aka sa shi. Begam ta shigo ta waiga dama ta waiga hagu, ba kujera. Ta sauka a kan darduma da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Nasiban ta nufi wurin takalma, na riƙo hannunta na ja ta har tsakiya. Da na ɗaga buta, ta kwance mayafi ta fito da kofin. Na fizge shi. Na cika shi taf, na kai baki, na sha a gabansu. Nasiban ta yi ƙara ta kama wuyan hannuna, Begam ta rufe baki da mayafi. Na zaɓi kofin da ya fi kowanne kyau na dasa shi a tafin Nasiban, na naɗe yatsunta a kai da nawa. Sannan na juya kan Begam na yi mata wa'azin da ko kakana sai ya jinjina. Na ce daga gidan nan zuwa inda sarki da mai shara ke zagaye ɗaki ɗaya da ƙyalle biyu, tafiyar 'yan mintoci ce. Na ce matar nan ta wanke dattin gidanki shekara arba'in, in akwai mai tsabta a ɗakin nan ita ce. Na yi ta zuba, Shabana tana juyawa, gumi yana tsattsafo mata. Na ji daɗin kaina ranar, ba zan ɓoye ba.

Begam ta saurara har na ƙare, ko gira ba ta ɗaga ba. Sannan ta yi magana a hankali, tana murmushi, ta miƙo hannu ta dafa gwiwata. Shabana ta tsallake wannan, ba ta juya mini ba.

"Me ta ce?"

"Khala, a bar shi."

"Yarinya, tafinta ba ya cin rabi. Faɗi."

"Ta ce kin iya magana. Amma ta san wannan karamci ne na masu gida, a zuci ke da ita ɗaya ne. Ta ce Arif ya ba ta labari kin hana ɗanki auren 'yar mahauta, kuma kin kyauta, a ƙauyensu ma haka ake yi. Ta ce mai asali shi ya san mai asali."

Ni da nake gadin kowa ta taga, na manta taga gefe biyu gare ta. Kuma abin da ya fi ciwo, matar nan ba baƙar magana ta gaya mini ba. Yabona take da gaske, hannunta a gwiwata kamar mun sha nono ɗaya. Na buɗe baki in ce ai wannan daban ne, na nemi bambancin a sama da ƙasa ban same shi ba. Nasiban ta ga fuskoki sun canza, ta tambayi surukarta abin da ake ciki, aka gaya mata. Ta dube ni da idanun nan nata, ba zargi a ciki ko kaɗan, ta yi tambaya.

"Ta ce," in ji Shabana, murya ƙasa-ƙasa, "ita uwar yarinyar, in za ta zo gidanki, da kofinta take zuwa?"

Tiren dambun nan ya zo ya tsaya a gaban idona, da murfinsa a rufe.

Kada ku zaci washegari na sauko. Ni ba ruwan randa ba ce da ake karkatawa. Azumi ya kama, na yi kwana goma sha ɗaya ina gardama da kaina, kullum da kofin ƙarfen nake buɗe baki, kullum kuma shi yake cin gardamar. Na tambayi kaina wa ya kafa dokar tawada da jini, na tuna kakan nawa da kansa yake yanka ragonsa na Layya, hannu jina-jina, ya wanke ya koma kan allo. Ranar sha biyu ga wata, bayan azahar, na saka abayata, na ɗauki babban tirena babu komai a ciki, na tare tasi zuwa Zahir. Ban gaya wa kowa ba. Hajja Dije ta buɗe ƙofa ta gan ni da tire a hannu.

"Na zo karɓar dambuna," na ce.

Ta dubi tiren, ta dube ni. Mace ce mai wayo, Allah ya ƙara mata lafiya.

"Hajja, ai an cinye tun watan jiya."

"To a sake wani. Kuma a sa yaji, na ji an ce naku ba ya jin yaji."

"Wa ya faɗa? Ke da ko murfin ba ki ɗaga ba?"

Muka tsaya muna kallon juna, sai dariya ta ƙwace mana mu duka. A gidan na buɗe baki ranar. Da na koma na tarar da Usman ya fito da akwatinsa yana goge ƙura, na ce ya mayar, ya je ya nemi kawunnansa su kai gaisuwa. Ya durƙusa zai kama ƙafata, na ce ya tashi kada ya ɓata mini safa.

Abin bai zo a banza ba. Yayana Malam Inuwa, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya ce na sayar da allon kakanmu a kan kilo ɗaya na nama. Bai zo ɗaurin aure ba. Mukan gaisa a waya ranar Sallah, amma har ya koma ga Allah bai sake taka gidan nan ba, bai ɗanɗani girkin Rabi ba. Wannan yana ci mini rai har gobe, kuma ban yarda ɗayanku ya zage shi ba, don abin da ya riƙe shi ne na riƙe shekara sittin da tara. Ita ma Begam ban ce ta canza ba. Ranar ta sha shayin, amma da kanta ta zaɓi kofin da ya fi nisa da na Nasiban, kuma rabi ta sha. Da za su koma na naɗe wa Nasiban kofuna shida masu bakin zinariya a cikin tawul. Ta nemi nata, na ce wannan ya zama ɗan Makka, ba shi da bizar fita. Bara Shabana ta kunna mini saƙon muryar Nasiban, tana magana dariya tana shaƙe ta. Wai yanzu rijiyar su Begam ta ƙafe, kullum da yamma sai Begam ta zo gidan simintin a ɗebar mata ruwan famfo, ta shiga ta ƙofar gaba, ta zauna, a dafa shayi. Sai dai da kofinta take zuwa, a naɗe cikin hankici. Yanzu ita ce mai yawo da kofi.

To kun ji. Mai rubuta wannan kuwa Rabi ce, don ita kaɗai a gidan nan ta iya rubutun Hausa, albarkacin shekarun da ta yi a Kano wurin kakarta. Ku jikokin malamai sai Larabci da latsa waya. Ta roƙe ni in cire maganar tasi, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kuma zan sa a karanta mini in ji. In na mutu kada wanda ya jefar da kofin nan, na Rabi ne. Yaranta suna tasowa, kuma na ga yadda take kallon abokan 'yarta Maryam ta tagata. Duk ranar da ɗayansu ya kawo mata wanda za ta fara tambayar ɗan gidan wa ne, kada ku yi mata wa'azi, na gwada, ba ya aiki. Ku dafa shayi, ku zuba mata a ciki, ku miƙa mata, ku yi shiru.